Wuni Guda a Dajin Dinder

A ranin 2019, bayan sallar asuba, muka taso daga Mafaza, jama'a cike da mota, muka bi gaɓar kogin Rahad zuwa gandun dajin Dinder, wanda aka keɓe tun 1935. A fadamun da ake kira maya muka iske ɓauna, gadu da jimina suna shan ruwa. Yara suka tambayi raƙumin dawa. Jagora ya ce ya daɗe da ƙarewa a nan. Muka yi tsit, domin gonakinmu da gawayin girkinmu suna cikin abin da ke cin dajin, alhali amana ce a wuyanmu. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya hana mu komawa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.