Wa Ke Yanke Hukunci a Gayyar Manhaja, da Rabon Hausa a Cikinta

Malaman kwalejojin horon malamai sun daɗe da sanin kalmar "manhaja" da ma'anar tsarin darussan da a ke bi cikin shekara. A zamanin nan kalmar ta sami ma'ana ta biyu, watau jerin umurnin da a ke rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki, kuma da wannan ma'ana za mu ɗauke ta a nan. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke rubutawa, ya ɓoye asalin rubutunta, ya sayar da izinin amfani da ita kaɗai. Akwai kuma wadda a ke barin asalin rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya fara kiran mutane gare ta a 1983, a 1989 kuma ya fitar da lasin da a ke kira GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba, lalle ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya same ta. Kada a zaci abu ne na nesa. Duk wayar Android da a ke sayarwa a kasuwar Tudun Wada, tushen manhajarta Linux ne, wanda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991.

Abin da ya fi kusa da wannan a al'adarmu shi ne aikin gayya, amma kamar ba ta kai ko'ina ba. A gayya akwai mai gona. Shi ya yi kira, shi zai ba da fura da tuwo, shi zai nuna inda za a fara kunya, rana ta faɗi kowa ya kama gabansa. Gonar manhaja kuwa ba ta da mai ita, aikin ba ya ƙarewa, ma'aikatan galibi ba su taɓa ganin juna ba, ba kuma wanda zai iya tilasta wa wani ya ɗauki fartanya. To, in mutum biyu suka saɓa a kan gyara guda, wa zai raba gardama?

Kafin a amsa, sai a san matsayin mutanen. Mafi yawa masu amfani ne, iyakarsu su kawo ƙara in sun ga kuskure. Sama da su akwai masu kawo gyara, waɗanda su ke rubuta abin da su ke ganin ya dace su miƙa. Sa'an nan akwai 'yan ƙalilan da ke riƙe da mabuɗi, su kaɗai ke da ikon shigar da gyara cikin ainihin manhajar ko su mayar da shi. Ba a samun mabuɗin nan da takardar shaida ko da shekaru ko da gādo. Sai mutum ya daɗe yana kawo gyara mai kyau, masu mabuɗi sun gwada hankalinsa da haƙurinsa, kana su gayyace shi ya zama ɗayansu. Farfesa da ɗan sakandare a layi ɗaya su ke farawa, abin da kan yi wa irinmu nauyin haɗiya.

A sama da masu mabuɗi ne tsari ya bambanta. Linux har yanzu kamar masarauta ya ke. Kowane sashe yana da mai riƙonsa, kamar hakimi da ƙasarsa, an kuma rubuta sunayensu cikin takarda guda da kowa ke iya dubawa. Gyara ya kan bi ta hannunsu daki-daki har ya kai ga Torvalds, wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe. Harshen kwamfuta da a ke kira Python ma haka ya zauna shekaru da dama a hannun wanda ya ƙago shi, Guido van Rossum, mutumin Holan. A watan Yuli na 1918 ba a san da kwamfuta ba, amma a Yulin 2018 wannan mutum ya sauka daga mulki don kansa, bayan wata doguwar jayayya mai zafi a kan ƙarin alama guda ɗaya tak cikin nahawun harshen. Bai naɗa magaji ba. Masu mabuɗi suka yi shawara, suka jefa ƙuri'a, suka kafa majalisar mutum 5 wadda a ke sake zaɓe lokaci lokaci, ta fara zama a 2019. Sun sa wani sharaɗi da ya kamata a lura da shi: kada fiye da mutum 2 cikin majalisar su zama ma'aikatan kamfani ɗaya. Dalili kuwa, da yawa daga waɗanda a ke kira 'yan sa kai a manyan ayyukan nan, kamfanoni ke biyansu albashi don su yi aikin.

Jama'ar Debian, wadda aka kafa a 1993, ita ta fi kowa son rubutacciyar doka. Tun 1998 ta ke da tsarin mulki, tana zaɓen shugaba kowace shekara, tana kuma da kwamitin gwanaye da a ke kai wa rigimar da ta gagara. Cikin tsarin mulkin an faɗa a fili cewa ba wanda a ke ɗora wa tilas ya yi wani aiki, abin da a ke nema gare shi kawai kada ya yi wa hukuncin da aka yanke zagon ƙasa. A 2014 kwamitin ya rabu biyu daidai, 4 da 4, a kan wace manhaja za ta riƙa tayar da kwamfuta in an kunna ta, sai da shugaban kwamitin ya raba gardama da ƙuri'arsa. Waɗansu da ba su gamsu ba suka kwashi asalin rubutun, suka kafa nasu da sunan Devuan.

Wannan ɓallewa ita ce linzamin da ke bakin kowane shugaba a wannan fage. Tun da lasin ya halatta wa kowa ya kwafi aikin gaba ɗaya, shugaban da ya ƙi sauraron mutane zai wayi gari ya ga sun yi ƙaura da garin duka, sun bar shi da suna. Haka ya faru a 2010, sa'ad da masu aikin OpenOffice da yawa suka ƙi zama ƙarƙashin kamfanin Oracle, suka kafa LibreOffice.

Tsarin da na fi ganin zai amfane mu shi ne na gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999. Mai son yin wani abu ya kan sanar, ya jira aƙalla sa'a 72 domin na gabas da na yamma duk su gani. In ba wanda ya tanka, an yarda ke nan, shiru ma magana ce. In an zo ga ƙuri'a, alama uku ce: +1 na yarda, 0 ba ruwana, -1 ban yarda ba. Mai mabuɗi guda ɗaya yana iya tsayar da gyara da -1, amma fa sai ya kawo hujja ta aiki, in babu hujja ƙin nasa banza ne. Ga shi an hana rinjayen yawa ya danne mai gaskiya, an kuma hana mai taurin kai ya tsare hanya don son zuciya.

To, ina ruwan malamin Hausa da duk wannan? Ruwansa shi ne, hukuncin da a dā a ke yankewa a nan Tudun Wada a kan rubutun Hausa, yanzu wani kaso nasa ya koma irin waɗannan majalisu. Mu tuna yadda abin ya ke. Cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a madadin ɗige-ɗige da waƙafin da a ke yi a dā. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita ta kai wannan rubutu kowane lungu. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tudun Wada a 1945, Hukumar Harshen Hausa kuma a 1955, ta fitar da ƙa'idojin rubutu da jerin kalmomin aro. Ƙarfin wannan tsari a bayyane ya ke: ɗaki guda, injin buga littafi guda, abin da edita ya zartar shi ɗan makaranta zai karanta daga Sakkwato har Yola. Rauninsa ma a bayyane ya ke, gama mutane kaɗan ne suka zaɓa wa miliyoyi, karin harshen Kano ya hau gadon sarauta ba tare da an tambayi Basakkwace ko Bakatsine ba.

Yau yaro ya kan ga Hausa a fuskar waya kafin ya gan ta a littafi. Manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, MediaWiki, buɗaɗɗiya ce, 'yan sa kai ne kuma ke fassara kalmomin fuskarta zuwa harsuna, har da Hausa. Mai fassarar nan yana fuskantar mas'alolin da ba ƙanana ba ne. Turanci ba ya bambanta namiji da mace in ya ba da umurni, Hausa kuwa tana yi. Za a rubuta "ka shiga", a bar mata a waje? Ko "ku shiga", ko "a shiga", ko "shiga" tsurarsa? Maɓallin da a ke dannawa don kada rubutu ya ɓace, "adana" ne ko "ajiye"? Wanda a ke dannawa don kawar da abu, wani ya ce "goge", wani ya ce "share". A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. "Share" Hausa ce tsantsa, ba aibi gare ta, amma a rubuce ta yi daidai da wata kalmar Turanci da ke kan kowace waya, wadda ma'anarta rarrabawa ce. Mutumin da wayarsa ke gauraya harsuna biyu zai danna don ya aika wa ɗan'uwansa hoto, ya tarar ya hallaka shi. "Goge" ta fi aminci. Irin wannan hujja ce a ke nufi da hujjar aiki, kuma ita ce za ta ci a majalisar da ke bin ƙa'ida, ko daga bakin wa ta fito.

Akwai kuma aikin Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda aka fara a 2017, Hausa na cikin harsunansa. Mutum ya kan karanta jimla a ɗauki muryarsa, waɗansu su saurara, in biyu suka amince an karɓa. Da muryoyin nan a ke koya wa na'ura jin magana. Ƙa'idar aikin ta ce kada a yi gaggawar ƙin murya don bambancin lafazi, amma ƙa'ida a takarda daban, kunnen mai sauraro daban. Basakkwace zai ga "fari" ya ce "hwari". Bazazzagi da yawa bakinsa ya saba da "motan" inda aka rubuta "motar", don karin Zazzau ya sassauta bambancin jinsi a wannan wuri. In masu tantancewa duk 'yan gari ɗaya ne, za su yi ta mayar da waɗannan a kan kuskure ne, a ƙarshe a sami na'urar da ba ta jin rabin Hausawa. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci, ƙuri'u bibbiyu ne za su taru su yanke shi.

Nan ne aibin tsarin ya ke. An ce mai aiki shi ke da magana, to amma wa ke da halin yin aikin? Mai wutar lantarki, mai kuɗin sayen data, mai Turancin da zai yi jayayya da shi, gama yawancin muhawarar da Turanci a ke yinta. A harshen da masu aikinsa ba su da yawa, "shiru yarda ce" na iya zama mutum ɗaya ya faɗa, ya jira kwana 3, ba wanda ya gani balle ya tanka, kalmarsa ta zauna shekara da shekaru. Ƙarancin hannu yana da haɗarin da ya fi wannan. A Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa cikin ƙaramar manhajar xz, wadda kwamfutoci masu ɗimbin yawa ke dogara da ita. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana riƙe da ita har ya gaji, wani ya shafe wajen shekara 2 yana taimakonsa har ya sami mabuɗi, ashe da mugun nufi ya zo.

Linzamin ɓallewa ma bai dace da harshe ba kamar yadda ya dace da manhaja. Manhaja in ta rabu biyu, mai amfani ya zaɓi wadda ya ke so. Rubutun harshe in ya rabu, kowa ya yi hasara. Muna da misali a hannu: duk da taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har yau Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Idon mutum ba ya damuwa, amma wajen na'ura "'ya'ya" da "ƴaƴa" kalmomi biyu ne dabam, mai neman ɗaya ba lalle ya sami ɗayar ba sai an koya mata.

Sassan Hausa na jami'o'i ba za su iya aika wa waɗannan majalisu da umurni ba, ba a karɓar umurni a can. Amma akwai ƙofar da aka bar mana a buɗe. Wikipedia an san ta da ƙa'idar cewa ba a ƙaga abu a cikinta, sai a dogara ga abin da aka riga aka buga. Ashe ke nan jerin kalmomin fannoni da masana suka tsara a Zariya da Kano da Sakkwato hujja ce mai nauyi a muhawararsu, in dai mai muhawarar zai iya kai hannu gare su. Galibinsu kuwa suna kan kantar laburare, an buga kaɗan, sun ƙare. Haka kuma Common Voice ba ya karɓar jimla sai wadda ba hakkin kowa a kanta, saboda haka ba a iya ɗebo masa daga littattafan da kamfanonin ɗab'i ke riƙe da hakkinsu, kome daɗin Hausarsu. Sai dai wani ya zauna ya rubuta sababbi ya sallama su kyauta. Ajin ɗalibai 40 a kwalejin horon malamai, in kowa ya rubuta jimla 25 aka tace su a gaban malami, an sami 1,000 a mako guda, da hannun 'yan garuruwa dabam-dabam a ciki.