Likitan Da Bai Runtsa Ba

Tun zamanin da, malaman fiƙihu sun karhanta wa alƙali ya zauna hukunci alhali yana cikin fushi, ko yunwa, ko gyangyaɗi, domin sun fahimci cewa hankalin ɗan Adam, komai kaifinsa, yana da haddi, kuma idan jiki ya galabaita basira ma takan dushe. To, in har an yi wannan ihtiyaɗi ga mai raba gardamar gona da gado, ina ga likita da ma'aikaciyar jinya, waɗanda aka damƙa wa amanar rayuka, amma sau da yawa sukan wuni su kwana a tsaye, gari ya waye kuma a ce su zagaya majinyata?

Barci dai ba lalaci ba ne, larura ce da Allah Ya halicci jiki a kanta. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yana nauyaya tunani, ba ya kuwa raguwa sai da barci. Shayi da kofi rufe alamarsa kawai suke yi na ɗan lokaci. Haka kuma akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwa mai bin haske da duhu, wanda ke sassauta kuzari a sulusin dare na ƙarshe, daidai lokacin da akan kawo mai naƙuda ko wanda ya yi hatsari. A shekarar 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, suka jarraba mutane, suka tarar cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa sun yi rauni daidai da na wanda ya sha giyar da za ta haramta masa tuƙin mota a ƙasashe da dama.

Amurka ba ta farga ba sai da musiba ta auku. A 1984 wata budurwa 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin birnin New York a hannun ƙananan likitoci masu aiki dare da rana, mahaifinta kuwa, da yake ɗan jarida ne, bai yi shiru ba, har jihar New York ta ƙayyade wa ƙananan likitoci awa 80 a mako a 1989, sa'an nan a 2003 aka game ƙasar duka da wannan ƙa'ida. Ni a ganina awa 80 ɗin ma zalunci ne da aka rage masa kaifi, tun da Tarayyar Turai awa 48 ta yanka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akan yi wannan zance saboda majinyaci kaɗai, a manta cewa shi ma mai farar rigar ɗan wani ne, mai jini da tsoka. Bincike a jami'ar Harvard a 2005 ya nuna cewa likitan da ya tashi daga irin wannan dogon aikin kwana, haɗarin ya yi karo da mota a hanyar gida ya ninka fiye da sau biyu. Ga hawan jini da ciwon suga da ke bin mai yawan aikin dare sannu a hankali, ga allurar da ke soke yatsan gajiyayye ta sa masa ciwon hanta.

A Nijeriya lamarin ya fi tsanani, domin duk likitan da ya tattara ya tafi Ingila ko Saudiyya, kwanansa kan waɗanda ya bari yake faɗawa, su ma gajiya ta kore su. Saboda haka ƙayyade awoyi a takarda ba zai wadatar ba, sai hukuma ta ɗauki ma'aikata isassu, ta biya su a kan kari, ta tanadi ɗakin hutu mai tsabta da abinci a kowane asibiti, ta kuma wajabta hutun yini ga duk wanda ya kwana a bakin aiki.