Saƙon da ke cewa a yi tsimin maganin HIV

Saƙon murya ne na wani mutum da bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi ranar da ya yi maganar ba. Ya shigo zauren WhatsApp na danginmu, ya zaga na 'yan unguwa, wata 'yar uwa mai aikin jinya ta ce har a wurin aiki an turo mata. Mutumin ya ce Amurka ta janye hannu, maganin cuta mai karya garkuwar jiki ya kusa ƙarewa a Najeriya, wanda ya rage kuma za a fara sayar da shi kan dubban ɗaruruwan naira. Ya ce an samo allurar da ke warkar da cutar amma ana ɓoye ta. Sai ya rufe da shawara: duk mai shan magani ya riƙa raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya huta gobe, don abin da ke hannunsa ya kai shi nesa.

Wannan shawarar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ce za ta iya kai mutum kabari.

Batun allura gajere ne. Akwai wata mai suna lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a Yulin 2025 don kare wanda bai kamu ba. Ba ta warkarwa, ba kuma a ɓoye take ba. Batun sayarwa kuwa, babu wata sanarwa daga hukumar NACA mai yaƙi da cutar ko Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ke tare da saƙon, kuma tsarin gwamnati shi ne a ba da ƙwayoyin kyauta a cibiyoyin da aka keɓe. A wasu asibitocin mutum kan biya kuɗin kati ko na wani gwaji, wannan tsohon kuka ne na masu jinya, amma daban yake da kuɗin magani.

Tsoron mutane dai yana da tushe, kuma ban ga laifin wanda ya ji saƙon gabansa ya faɗi ba. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, abin da ya shafi PEPFAR, shirin da George W. Bush ya kafa a 2003 wanda ya daɗe yana ɗaukar mafi yawan nauyin maganin HIV a ƙasar nan. A watan Maris na shekarar, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya ambaci Najeriya cikin ƙasashe takwas da magani zai iya yanke musu, tare da Mali da Burkina Faso da Kenya. Abin da mai saƙon ya tsallake shi ne abin da ya biyo bayan umarnin. Kafin Janairu ya ƙare gwamnatin Amurka ta sassauta umarnin ga magungunan ceton rai. A Fabrairu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen ƙunshin magani 150,000, Majalisar Dokoki kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025. Asusun Global Fund, wanda shi ma yake sayen kaso na maganin, bai rufe ba. A Yuli 'yan majalisar dattawan Amurka suka cire PEPFAR daga yankan dala miliyan 400 da aka so yi masa. Ƙunshi 150,000 ƙaramin abu ne a ƙasar da wani bincike na 2018 ya ƙiyasta tana da masu ɗauke da cutar kimanin miliyan 1.9, kuma ba zan yi wa kowa rantsuwa cewa babu asibitin da zai taɓa samun yankewa ba. Amma yiwuwar yankewa wata rana ba hujja ce ta lalata maganin da ke hannu yau ba.

Yawancin manya masu shan maganin a Najeriya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, haɗin magunguna uku: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Maganin ba ya kashe cutar baki ɗaya. Aikinsa shi ne ya hana ta hayayyafa, kuma yana yin haka ne kawai muddin akwai isasshensa a jini dare da rana. Wanda ya sha rabi, ko ya tsallake rana, ya bar maganin da ƙarfin da bai kai ya danne ƙwayar cutar ba, ya kuma bar ta tana hayayyafa a gaban magani. Manomin wake ya san abin da ke faruwa in aka tsinka maganin feshi da ruwa don ya isa gona: ƙwari masu rauni su mutu, masu taurin rai su tsira su cika gonar, feshin gaba ya daina yi musu komai. Haka HIV ke koyon bijire wa magani. Dolutegravir ya fi tsofaffin magunguna wuyar bijirewa, wannan gaskiya ne, amma bai gagari bijirewa ba. Idan ta faru, sai an sauya wa mutum zuwa magani na mataki na biyu, mai yawan ƙwayoyi, mai tsada, wanda kuma ya fi wuyar samu. Wato mai tsimin da ya ji tsoron ƙarancin magani ya jefa kansa cikin rukunin da ƙarancin ya fi yi wa barazana.

Wanda ya daina sha gaba ɗaya, cikin 'yan makonni cutar kan dawo ta cika jini, ko da yana jin garau. Garkuwar jiki ta fara sauka, tarin fuka ya samu ƙofa, kuma shi ne ya fi kashe masu HIV a duniya. Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba, alhali ya shafe mu sosai a Arewa inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Tenofovir da lamivudine suna danne wannan ciwon ma. Mai ɗauke da cututtukan biyu in ya yanke magani farat ɗaya, hantarsa na iya tashi da mummunan kumburi.

Abin kuma bai tsaya kan mai shan ba. Wanda maganinsa ya danne cutar har gwaji bai iya ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya. Bincike ya tabbatar da wannan. Uwa mai ciki ko mai shayarwa da ba ta shan magani, yiwuwar jaririnta ya kamu tana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, da magani kuwa takan sauka ƙasa da kashi 5. Shawarar sha yau a huta gobe tana rushe wannan kariyar ga mutanen da ba su ma ji saƙon ba. Wanda ya naɗi muryar nan bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya yi magana da gadarar likita, ya ɓoye sunansa, ya bar marasa lafiya da sakamakon. Masu turawa da niyyar alheri su ma su sani, niyya ba ta rage wa maganar dafi.

Inda girgizar 2025 ta yi ɓarna ta gaskiya shi ne hidimomin da ke kewaye da ƙwayar: ma'aikatan sa-kai masu bin sawun wanda ya daina zuwa, masu shigar da bayanai, masu kai jini ɗakin gwaji, ƙungiyoyin da masu cutar ke haɗuwa su ƙarfafa wa juna gwiwa. Yawancinsu kuɗin waje ke riƙe da su. Kowace jiha tana da hukumar yaƙi da cutar, kamar ta Kano, kuma aikinta ne ta haɗa kan masu ba da tallafi da asibitoci, ta san wace cibiya ce ke da rarar magani wace ce ke neman yankewa. Hukumar da gwamnanta bai sakar mata kuɗi ba ba za ta iya wannan ba. Da zaurukanmu kasafin jiha suke tambaya da irin zafin da suke tura saƙon murya, da sun yi amfani.

Kai mai shan magani, ke mai sha, a sha ƙwaya cikakkiya kowace rana a kan lokacinta. A koma asibiti tun da sauran na mako ɗaya ko biyu, kada a jira kwalba ta ƙare. In an ba da na wata ɗaya maimakon na wata uku ko shida, a karɓa, a tambayi ranar dawowa. In aka ce babu, a nemi mai kula da sashen ya faɗi cibiyar da za a je, a tafi da kati, a kuma sanar da ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da cutar, tana da rassa a jihohi. Wanda ya riga ya fara raba ƙwaya ko tsallake rana ya koma sha yadda aka tsara tun daga yau, ya gaya wa likitansa gaskiya don a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa.