Mahaɗar tirela: Yaushe ake gyarawa, yaushe ake canzawa?

Kullum tireloli na fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala ɗauke da kwantena, shinkafa, siminti da ƙarafa. Sukan bi ta Yassa su nufi Edeya da Yawunde, daga nan su ɗauki hanyar Bertuwa. A Garwa-Bulai wasu kan tsallaka iyaka zuwa Bangi, wasu kuma su miƙe arewa ta Ngaundere, Garwa, Marwa da Kuseri har Njamena, tafiyar kusan kilomita 1,800. A cikin direbobin nan da yaran mota da masu kayan akwai Hausawa da 'yan arewa da dama waɗanda iyalansu ke zaune a New Bell, Makepe da sauran unguwannin Duwala.

Duk nauyin da irin wannan mota ke ja yana rataye ne a jikin wani guntun ƙarfe da kaurin wuyansa bai wuce yatsu uku ba. Direba kan duba taya da birki da mai kafin ya tashi, amma wannan ƙarfen yana ɓoye a ƙarƙashin tirela cikin baƙin giris, shi ya sa ba kasafai ake tuna shi ba sai ya fara ƙara. Ka'idar kula da shi kuwa ba ta da wuya: a auna shi, idan ya wuce iyaka a canza, kada a yi masa ciko da walda.

Yadda mahaɗar take aiki

Mahaɗar kashi biyu ce. A bayan kan mota akwai wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga kamar kofaton doki, wanda makanikai ke kira sellette da Faransanci. A ƙarƙashin gaban tirela kuma akwai turken ƙarfe da ke leƙowa ƙasa, shi ne pivot d'attelage. Idan direba ya yi baya, turken zai bi tsagar farantin har ya kai ƙarshe, sai wani muƙamuƙin ƙarfe ya rungume wuyansa, sakata ta zamo ta tare muƙamuƙin ta baya don kada ya buɗe. Hannun da yaron mota ke ja a gefe, wannan sakatar yake janyewa.

Farantin shi ke ɗaukar nauyin gaban tirela. Turken kuma shi ke shan wahalar ja da tsayawa: duk lokacin da mota ta tashi, ta taka birki ko ta sha kwana, a wuyansa ƙarfin yake ƙarewa.

Turke iri biyu ne a duniya. Wanda aka fi gani shi ne mai inci 2, wato milimita 50.8 a wuya. Akwai kuma mai inci 3.5, wato milimita 89, wanda ake sa wa motocin da ke ɗaukar kaya masu tsananin nauyi ko bin miyagun hanyoyi. Kowane turke da irin muƙamuƙinsa. Idan ƙaramin turke ya shiga babban muƙamuƙi, sakata na iya rufewa kamar komai lafiya, alhali turken yana yawo a ciki.

Abin da ke cinye ta a hanyoyin Kamaru

Na farko shi ne ruwa. Duwala na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, fiye da milimita 3,500 a shekara, ga kuma iskar teku mai gishiri. Ruwa yana wanke giris, gishiri ya kawo tsatsa, musamman ga tirelar da ta yi makonni a ajiye tana jiran lodi.

Na biyu ƙura. Da motar ta hau arewa a lokacin rani, jar ƙasa da yashi kan manne wa giris, sai ya koma kamar garin wasa wuƙa. Maimakon ya kare ƙarfe, shi ke goge shi.

Na uku ramuka da gangara. A gangaren Mbe da ke tsakanin Ngaundere da Garwa, nauyin tirela gaba ɗaya yana tura kan mota ta jikin turke. A hanyar Mora zuwa Dabanga da Kuseri, wadda ta daɗe tana ba direbobi wahala, kowane rami duka ne a kan muƙamuƙi.

Na huɗu lodin da ya wuce kima. A dokar kare hanyoyi ta 1996, Kamaru ta ƙayyade tan 50 a matsayin iyakar nauyin mota da kayanta. An yi dokar ne don kwalta da gadoji, amma mahaɗa ma tana da iyakarta, kuma a rubuce take a wani ɗan allon ƙarfe da ke jikin farantin. Wanda ya kauce wa sikeli a hanya bai kauce wa wannan lissafin ba.

Alamomin da direba zai ji ko ya gani

Alama ta farko ita ce bugu. Idan ana jin "ƙwas" daga baya duk lokacin da mota ta tashi ko ta taka birki, to akwai rata tsakanin turke da muƙamuƙi. Ratar kan ƙara buɗewa da sauri, domin kowane bugu yana daɗa cin ƙarfen.

Sauran alamomin sun haɗa da hannun sakata da ke ƙin shigewa sai an buga shi da guduma, ko wanda ke motsi da kansa. Tsatsa mai ja kamar gari a gindin ƙusoshin da suka riƙe farantin, wadda ke nuna ƙusar ta saki tana gogawa. Zane mai zurfi a fuskar farantin. Da kuma sitiyari da ke yin nauyi a kwana. Wannan ta ƙarshe tana da haɗari a damina. Busasshen faranti yana hana tirela juyawa, sai ta riƙa tura kan mota ya miƙe a inda ya kamata ya karkata.

Awo shi ne alƙali

Ido ba ya iya gane cin milimita ɗaya ko biyu, ballantana a ƙarƙashin giris. Sai an cire tirela, an wanke turken da kananzir ko gas, an goge shi, sannan a auna da ma'aunin kauri, wanda a gareji ake kira pied à coulisse, ko da ɗan allon awo da kamfanonin ke sayarwa.

Kamfanin Jost na Jamus, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera wannan kaya, ya sa iyaka kamar haka. Turke mai inci 2 yana fitowa da milimita 50.8 a wuya, kuma idan ya sauko 49 ya gama aiki. Kafaɗarsa ta sama tana fitowa da 73, iyakarta 71. Mai inci 3.5 kuwa daga 89 ne zuwa 86 a wuya. Ke nan tazarar da ke tsakanin sabon turke da wanda ya kamata a jefar ba ta kai milimita 2 ba a ƙaramin.

Ana aunawa ta fuska fiye da ɗaya, domin turke ba ya cinyewa daidai. Gaba da baya sun fi shan wuya, sai ya koma kamar ƙwai. Wanda ya auna ta gefe kawai zai iya samun lamba mai kyau a kan turken da ya riga ya mutu. Ana kuma duba ko ya karkace, da ko faifan ƙarfen da yake manne a jiki ya lotsa ko ya tsage.

Abin da ake gyarawa da abin da ake canzawa

A jikin faranti, abubuwan da ke cinyewa an yi su ne don a riƙa canza su: muƙamuƙi, sakata, zoben da turke ke jingina a kai, sifirin, da robobin da ke ƙarƙashin ƙafafun farantin. Kamfanoni irin su Jost, SAF-Holland da Fontaine na sayar da su a ƙunshi ɗaya, kowane samfuri da lambarsa. Abin da ya fi shi ne a canza su tare. Sabon muƙamuƙi a kan tsohuwar sakata ba ya zama daidai.

Yawancin faranti na da ƙusar saiti da ake juyawa don rage rata. A nan makanikai da yawa ke yin kuskure. Ana yin saitin ne da turke mai lafiya. Idan aka matse muƙamuƙi a kan cinyayyen turke, bugu zai ɗauke, amma ranar da wannan kan mota ya ɗauki wata tirela mai sabon turke, sakata ba za ta shige har ƙarshe ba. A Duwala kuwa, inda kai ɗaya kan ja tireloli daban-daban tsakanin tasha da wuraren ajiya, wannan ba abin wasa ba ne. Idan ƙusar saiti ta kai ƙarshe bugu bai daina ba, lokacin canza kayan ciki ya yi.

Idan farantin kansa ne ya tsage, ko fuskarsa ta cinye har ramukan giris suka shafe, babu sauran gyara, sai sabo.

Turke kuma ba a gyara shi, canza shi ake yi. A yawancin tirelolin da ake shigowa da su daga Turai, ɗaure yake da ƙusoshi takwas a jikin wani kasko da aka yi wa walda a ƙarƙashin tirela, don haka cire shi ba ya buƙatar wuta. Sharaɗin shi ne sabon ya dace da kaurin faifan tirelar, wanda kan zama milimita 8, 10 ko 12, a sa sababbin ƙusoshi masu lambar ƙarfin da kamfanin ya faɗa, a kuma ɗaure su da sifana mai awo. Ɗauri da dogon bututu a taka da ƙafa yana miƙar da ƙusa, wata rana ta tsinke.

Dalilin da ya sa walda ba ta yi

Dabarar da aka fi gani a gefen hanya ita ce a yi wa wuyan turke ciko da walda, a goge shi da injin gurza har ya yi kama da sabo. Aikin na da araha, kuma mota na iya tashi a ranar. Matsalar tana cikin ƙarfen. An ƙera turke ne da ƙarfe na musamman da aka gasa aka kuma sanyaya bisa ƙa'ida, don ya yi tauri ba tare da ya zama mai karyewa ba. Zafin walda yana rushe wannan tsari. Wani wuri ya yi laushi, wani ya bushe kamar gilashi, ƙananan tsagu da ido ba ya gani su fito a gefen cikon.

Cinyayyen turke yana gargaɗi da ƙara. Wanda aka yi wa walda shiru yake yi har ranar da zai ɓalle, kuma yakan zaɓi lokacin da aka fi matsa masa: birki mai ƙarfi, gangara ko rami. Haka abin yake ga muƙamuƙi da sakata. Shi ya sa masu ƙera su suka hana yi musu walda kwata-kwata.

Gaskiya ne idan tirela ta rabu, jar tiyon iska zai tsinke, birkinta ya kama da kansa. Sai dai tan talatin ba ya tsayawa nan take. Gaban tirelar zai faɗi ƙasa ya ja, ko ya karkata ya shiga hannun masu tahowa. A titi mai cike da babura da masu talla irin na Ndokoti ko Bonaberi, 'yan mitoci kaɗan sun isa a yi asarar rayuka.

Sayen kaya: sabo ko na hannu

A kasuwar kayan mota ta Camp Yabassi da sauran shagunan Duwala ana samun sabo, ana samun na hannu da aka ciro daga motocin Turai, ana kuma samun jabu. Farantin hannu na iya yin aiki, muddin allon lambarsa na nan, an wanke shi an duba babu tsaga ko alamar walda, an kuma sa masa sababbin kayan ciki. Turken hannu kuwa bai cancanci kasadar ba, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da taya ɗaya ta tirela. Mai saye ya tafi da lambar samfurin da ma'auni a aljihu. Kayan Jost ba sa shiga farantin Fontaine, kuma motocin Sin irin su Howo da Shacman ma sai an duba irin farantin da ke kansu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Masu ƙananan tireloli da ake ja da a-kori-kura su ma lissafinsu ɗaya ne. Ƙwallon da ke bayan mota milimita 50 ne, idan ya sauko ƙasa da 49 sai a canza, a kuma tabbata sarƙa ko wayar tsaro tana ɗaure.

Kafin mota ta tashi

Ko sabuwar mahaɗa na iya sakin tirela idan ba a haɗa ta daidai ba. Idan tirela ta yi sama da yawa lokacin da ake baya, turke kan hau kan muƙamuƙi maimakon ya shiga ciki, kuma nauyi kaɗai zai riƙe ta har zuwa kwana ta farko. Don haka bayan an ji ƙarar kullewa, a duba abu uku da fitila: babu haske tsakanin faranti da cikin tirela, hannun sakata ya koma mazauninsa an sa masa ƙugiyar tsaro, kuma sakata ta tare bayan turke. Sannan a bar birkin tirela a kame, a sa giya ta ɗaya a ja a hankali sau biyu, tun ba a gama naɗe ƙafafun tirela ba.

Game da giris, Jost ta ce kada a wuce kilomita 5,000 ba a cire tirela an sa sabo ba, a kuma yi cikakken bincike duk kilomita 50,000 ko wata shida. Zuwa Njamena da dawowa ya kai kusan kilomita 3,600, wato kusan kowace tafiya ke nan. A kankare tsohon mai yashi tukuna, kada a shafa sabo a kansa.

Sau da yawa direba ne ke jin bugun, amma mai mota ne ke riƙe da kuɗin gyara, shi kuma mai kaya yana matsa lamba a tashi. A irin wannan ja-in-ja, lamba ta fi dogon bayani. Direban da ya kawo wa maigidansa awo a rubuce, 48.7 a inda ya kamata a ga aƙalla 49, ya kawo hujjar da ba a musu da ita. Ma'aunin kauri yana shiga aljihun riga, awon kuma bai fi minti goma ba, kuma ya fi sauƙi a yi shi a Yassa da a yi shi a gindin gangaren Mbe.