Alamomin Zanen Injiniya da Masu Sana'armu na Suame

A Suame Magazine da ke Kumasi, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci da walda da gyaran mota, mai aiki kan zo da takardar zane maimakon tsohon ƙarfen da za a kwaikwaya. A nan ake yawan tafka asara.

Abin da ya fi damunmu shi ne rikita Ø da R. Alamar Ø faɗin da'ira ce daga gefe zuwa gefe. Ita kuwa R daga tsakiya take zuwa gefe, wato rabi. Wanda ya ga R20 ya huda rami mai faɗin 20 ya ɓata ƙarfen mutane, domin 40 ake nufi, kuma daga aljihunsa za a biya.

Lambar da ba a faɗi ma'auninta ba galibi milimita ce, amma zanen Amurka kan zo da inci, wanda yake milimita 25.4. M10 zaren noti ne na milimita 10. In an rubuta 50 ±0.1, an yarda da 49.9 zuwa 50.1 kawai.

Zanen da ya fito daga Togo ko Burkina Faso yakan sa waƙafi a gurbin ɗigo, saboda haka 12,5 sha biyu da rabi ne.