TIYON RUWAN MOTA IN YA FASHE A HANYA

Zuwa ga manoma da dagatai.

Jama'a, da yawa cikin motocin da ke ɗaukar hatsi da gyaɗa daga ƙauyukanmu zuwa kasuwa tsofaffi ne, kamar Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975. Irin waɗannan abin da ya kan tsai da su a daji shi ne fashewar tiyon ruwa. Tiyo abu ne mai araha, amma wanda ya yi sakaci da shi ya kan yi hasarar inji, kuɗin gyaransa kuwa ya iya cinye amfanin gonar shekara guda.

Aikin tiyo

Inji wuta ke ci a cikinsa, ruwa ne ke kewaya shi yana ɗebe zafin. Manyan tiyo biyu ne. Na bisa shi ke kai ruwa mai zafi daga inji zuwa lagireto, inda iska ke sanyaya shi. Na ƙasa shi ke komo da shi wajen famfo. Marfin lagireto kuwa ya kan danne ruwan, har zafinsa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, alhali ruwan tukunya a 100 ya ke tafasa. Saboda wannan matsi, wurin da robar ta ruɓe nan ta ke yagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ya fashe

Kadan ka ga tururi na fita daga gaban mota, ko allurar agogon zafi ta hau, to, ka ratse nan da nan ka kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa gari tukuna. Kada kuma ka buɗe marfin lagireto, gama ruwan zai yi tsiri ya sale maka fuska da hannu. Haka nan kada ka kwara wa injin ruwan sanyi, ƙarfen kansa ya kan tsage. Ka dakata kamar sa'a guda, sai ka iya ɗora hannu a kai.

Yadda a ke sa sabo

1. Ka tara kwano a ƙasa, ka tsiyaye sauran ruwan.
2. Ka sassauta zoben ƙarfe da ke ɗaure da ko wane bakin tiyon, ka murɗa shi ka zare. In ya like, sai ka tsaga shi da wuƙa a hankali, don kada ka ji wa wuyan lagireto.
3. Ka goge tsatsa da guntayen roba daga wuyan har ya yi sumul.
4. Ka gwada sabon da tsohon, ka tabbata tsawonsu da lanƙwasarsu ɗaya ne.
5. Ka zura zobban a jikin tiyo tun kafin ka kafa shi. Ka tura shi har ƙarshe, ka ɗaure zobe a bayan tudun da ke bakin wuyan. Kada ɗaurin ya yi yawa har ya yanka roba.
6. Ka zuba ruwa sannu sannu, rabi maganin sanyaya inji, rabi ruwa mai tsabta. Ruwan sama tatacce ya fi na rijiya mai kanwa, domin wannan ya kan toshe lagireto.
7. Ka ta da inji, marfi na buɗe, har tiyon bisa ya ɗumama, kumfar iska ta fice. Sa'an nan ka cika, ka rufe. Kashegari da safe ka sake dubawa.

In babu sabo kusa

Kadan yagewar tana dab da baki, ka yanke wurin ka mai da sauran. In tana tsakiya, ka naɗe ta tam da robar tayar keke, ka ɗaure da waya, ka bar marfin lagireto sako-sako don kada matsi ya taru. Ka tafi sannu, kana ƙara ruwa. Wannan dabara ta kai ka kasuwa ce kaɗai.

In kuwa bayan gyara kumfa ta ƙi ƙarewa, ko man inji ya koma fari kamar kunu, to, zafi ya riga ya ƙone abin da ke like kan inji. Wannan sai makaniki.

Gargaɗi

Maganin sanyaya inji guba ne, ga shi kuwa da zaƙi. Yaro ko akuya ko kare in ya sha, ƙodarsa ta kan lalace, har ya kai ga mutuwa. Kada ku zubar da shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi, kada kuma ku ajiye shi cikin kwalbar abin sha. Wanda ya sha, a kai shi asibiti maza, kada a jira alama.

Rigakafi ya fi magani. Kafin kaka, inji na sanyi, ku matsa ko wane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi ainun, ko ya ƙandare yana tsattsagewa, ku sake shi tun a gida, ku kuma ajiye wani cikin mota. Dagatai su karanta wa direbobin garinsu wannan takarda.