Yaron da ke riga maigida zuwa shago

Duk ɗan kasuwar da shagonsa ya kafu yana da yaron da ke riga shi fitowa. Alhaji na gida yana karyawa, yaro ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙofa, ya yi shara ya yayyafa ruwa, ya ta da janareta, ya kunna firji, ya fito da kaya ya jera. In maigida ya iso da hantsi, kujera kawai zai ja ya zauna ya shiga ciniki.

Kwamfuta ma tana da irin wannan yaro. Daga danna maɓallin kunnawa zuwa fitowar shafin da ke neman suna da kalmar sirri, an riga an yi aiki mai yawa: an haɗa ta da intanet, an daidaita agogo, an ta da manhajojin tsaro. Mai kula da ita yana iya rubuta nasa umarnin a fayil ya cusa cikin wannan jeri, a riƙa aiwatar da shi duk lokacin da aka kunna, ko da kowa bai shiga ba. Abin ya zama dole, domin na'urar da ke riƙe da bayanan banki ko asibiti takan yi watanni ba wanda ya zauna a gabanta. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, sai dai ta tashi da kanta ta ci gaba da hidima.

Kowane gida da sunan yaronsa. A zamanin MS-DOS sunansa AUTOEXEC.BAT. A Linux an daɗe ana jibge umarni a rc.local, kafin systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010, ya karɓi ragamar. Debian da Ubuntu, daga cikin nau'ukan Linux, sun koma kansa a 2015. Apple ya kawo launchd a 2005, ya kuma raba aikin biyu: abin da aka ajiye a LaunchDaemons yana tashi tare da na'ura, na LaunchAgents kuwa sai wani ya shiga. A Windows akan bi ta Group Policy ko Task Scheduler a ce a yi kaza da zarar an kunna.

Abu na farko da yaron kirki ke kiyayewa shi ne bin jeri. Ba a kunna firji kafin janareta ya kama. Umarnin da zai ɗauko bayanai daga wata na'ura, in ya riga hanyar sadarwa tashi, zai je ya tarar da ƙofa a rufe ya dawo hannu biyu. Shi ya sa a systemd ake rubuta After=network-online.target, tare da layin Wants mai neman abu ɗaya, wato a dakata sai hanya ta buɗe. Yawancin kukan "da hannu yana yi, da kansa kuwa ya ƙi" daga nan yake fitowa.

Na biyu, da sassafe ba wanda za a tambaya. Umarnin da ya tsaya yana jiran a ce masa e ko a'a, zai yi ta tsayuwa ne kawai. In ta Group Policy aka bi, Windows kan ba irin wannan daƙiƙa 600 kafin ya katse shi, systemd kuwa daƙiƙa 90 ga yawancin ayyuka. Kuma "ɗauko mini abin nan" ba ya aiki ga wanda ba ya gabanka. Dole a rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil, don saitunan da mutum ya saba da su ba sa lodawa sai ya shiga. A kuma sa umarnin ya riƙa rubuta abin da ya yi, kamar littafin shago; a Linux journalctl ne ke buɗe wannan littafi.

Na uku shi ne mafi nauyi: makulli. Umarnin kafin shiga yakan gudana ne da cikakken iko, root a Linux, SYSTEM a Windows, ikon da ke iya gogewa ko sauya komai. Saboda haka masu kutse ke sha'awar wannan wuri, don abin da suka dasa a nan zai riƙa tashi kullum ba a gani. In fayil ɗin umarnin yana inda kowane ma'aikaci zai iya yi masa gyara, to an rataye makullin shago a bakin titi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko ba mugu, kuskure a wannan mataki tsada gare shi. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai lahani ga manhajarsa da ke tashi tun farkon kunna Windows. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Jirage sun kasa tashi, asibitoci sun ɗage ayyuka. Da yake na'urorin suna faɗuwa tun kafin a kai ga shafin shiga, da yawansu sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin sabuntawar da hannu.

Don haka duk mai niyyar saka umarni a wannan wuri, ya taƙaita shi, ya ba shi ikon da aikin ke buƙata kawai, ya gwada a na'ura ɗaya kafin ya baza wa ɗari, sannan ya tabbata ya san ta inda zai shiga ya cire shi ranar da na'ura ta ƙi tashi.